Yadda Mai Farawa Zai Haɗa Gahawa Mai Daɗi a Gida

Yawancinmu a Gusau a teburin mai shayi muka fara sanin gahawa, inda ake ɗebo ɗan garin Nescafé a bakin cokali a kaɗa shi da madara da sukari, wasu kuma sai da suka je aikin Hajji suka kurɓe ta a ƙananan kofuna tare da dabino. Idan sha'awa ta kai mutum ya sayo garin gahawa na ainihi, abin da yakan yi shi ne ya zuba a tukunya ya bar shi yana ta tafasa kamar ganyen shayi, daga ƙarshe ya sami abu mai ɗaci kamar maɗaci, ya ce gahawa ba ta karɓe shi ba. A ganina laifin ba na gahawar ba ne, na tsohon gari ne da yawan wuta da rashin awo, kuma duka ukun ana gyara su da kayan da ke cikin kowane ɗakin girki.

A fara daga saye. Gahawa iri biyu ce ta cika kasuwannin duniya: arabika, wadda asalinta Habasha ne kuma ake noma ta a wurare masu tudu da sanyi irin tsaunin Mambila na Jihar Taraba, da robusta, wadda ta fi ɗaci kuma sinadarin hana barcin da ke cikinta ya kusa ninka na arabika. Ga mai farawa na fi son arabika mai matsakaiciyar suya, wato wadda launinta bai kai baƙi mai sheƙi ba. Idan da hali, ka sayi 'ya'yan da aka soya ba a niƙa ba, domin da zarar an niƙa su ƙamshin yakan fara gudu, kuma zafin watan Maris da Afrilu na wannan yanki namu yana hanzarta hakan. Ka sayi abin da za ka shanye cikin mako biyu ko uku, ka adana a kwalba mai murfin da ke kamawa sosai, nesa da murhu da hasken rana. Ban ba da shawarar firij ba, saboda yawan ɗauke wuta yana sa kwalbar ta yi gumi, danshi kuwa yana lalata gari, ga kuma warin abincin da zai kwasa.

Wanda ba shi da injin niƙa zai iya dakawa a ƙaramin turmi, amma ya keɓe shi ga wannan aiki kaɗai. Na taɓa dakawa a turmin yaji bayan an wanke shi tas, duk da haka sai da warin daddawa ya biyo ni cikin kofi. Ka daka iya wanda za ka sha a lokacin, ka tsaya idan ya kai kaurin tsakin masara mai ɗan laushi. Idan ya yi lukui kamar garin tuwo zai saki ɗaci da sauri, kuma zai toshe mataci.

Awo shi ne inda aka fi yin sakaci, alhali shi ya fi sauƙi. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kimanin giram 60 na gari ga lita 1 ta ruwa. Ledar ruwan da muke saye rabin lita ce, saboda haka giram 30 take buƙata, wato kusan cokalin cin abinci 6 a shafe, ba mai tozo ba, kuma hakan zai ba ka kofi biyu. Shi kansa ruwan abin dubawa ne, domin shi ne kusan dukan abin da ke cikin kofin: idan ruwan rijiya ko na burtsatsen unguwarku yana da zartsi ko ɗanɗanon ƙarfe, haka zai fito a gahawar, don haka ka yi amfani da wanda kake jin daɗin shansa zalla.

Ka tafasa ruwan a buta, ka sauke, ka bar shi ya huce na kamar minti 1, domin zafin da ake so yana tsakanin digiri 90 zuwa 96 ne. Ka zuba garin a jug ko ƙaramar tukunya mai tsabta, ka yayyafa masa ruwa kaɗan iya yadda zai jiƙe. A nan ka tsaya ka duba: idan gahawar sabuwa ce za ka ga garin ya kumbura yana fitar da ƙananan kumfa, ƙamshi ya cika ɗakin, wannan iskar da suya ta bari a cikin 'ya'yan ce take fita. Idan ya kwanta shiru kamar jiƙaƙƙen yashi, to ya kwana biyu. Bayan daƙiƙa 30 ka ƙarasa zuba ruwan, ka juya sau ɗaya, ka rufe, ka duba agogo. Minti 4 ya isa. Sai ka tace ta cikin farin ƙyalle mai tsabta da aka shimfiɗa a kan matacin shayi, kada ka matse ƙyallen, kuma kada ka wanke shi da sabulu mai turare, ruwan zafi ya wadatar.

Akwai togaciya guda. Gahawar da alhazai ke kawowa daga Saudiyya suyarta sama-sama ce, shi ya sa launinta ke da haske, kuma ita ana barinta a kan wuta kaɗan-kaɗan na wasu mintuna tare da kayan ƙamshi. Wannan hanya ba ta dace da mai duhun suya ba. Mai son citta ko kanumfari zai iya jefa kaɗan a ruwan tun yana tafasa, kafin ya haɗu da garin.

Kafin ka zuba sukari ko madara, ka kurɓi kaɗan ka saurari harshenka. Idan ta yi ɗaci mai kama maƙogwaro, gobe ka rage dakan ko ka rage lokacin. Idan ta yi tsami ko ta fito lami, ka ƙara laushin garin kaɗan ko ka ƙara mata rabin minti. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowace rana, domin ka san wanne ne ya yi aiki. Wanda ya saba cin goro ko shan shayi mai kauri ya tuna cewa su ma suna ɗauke da sinadarin nan mai hana barci, saboda haka ya tsayar da gahawarsa kafin La'asar, mai juna biyu da mai hawan jini kuma su nemi shawarar likita a kan yawan da ya dace da su.