Yadda ake kare akun Kef a dazuzzukan tsaunin Afirka ta Kudu

Akun Kef, wanda masana ke kira Poicephalus robustus, a Afirka ta Kudu kaɗai ake samunsa, kuma waɗanda suka rage a daji ba su kai 2,000 ba. Tsawonsa kamar santimita 30 ne, jikinsa kore, kansa ruwan ƙasa mai ɗan zinariya. Yana zaune a dazuzzukan hazo da ke kan tsaunuka, galibi tsakanin mita 1,000 zuwa 1,400 daga teku: tsaunukan Amathole a Gabashin Kef, tsakiyar KwaZulu-Natal, da wani ɗan rukuni a Magoebaskloof ta lardin Limpopo. Cinsa da kwanansa da haihuwarsa duk sun rataya ne a kan itatuwan yalowud, dangin Podocarpus da Afrocarpus, waɗanda aka yi ta sarewa don katako tun ƙarni na 19. Saboda haka duk mai son taimakon tsuntsun nan, da itacen zai fara.

Aikin farko shi ne nemo itatuwan da yake sheƙa a ciki, a hana kowa taɓa su. Akun ba ya fafe rami da kansa. Kogo yake nema a jikin tsohon itace, yawanci busasshe ko wanda ya fara mutuwa, a tsayin mita 6 zuwa 12. Matsalar a nan take: busasshen itace shi ne wanda mai neman makamashi ko katako ke gani kamar ba shi da mai shi. A shiga daji kafin gari ya waye, a tsaya inda ake hangen saman itatuwa, a bi kukan tsuntsayen, don suna da hayaniya da asuba. Idan aka ga namiji yana komawa itace ɗaya yana leƙa rami, mace tana ciki. Ana bambanta su da goshi: na mace yana da ja mai ruwan lemo, na babban namiji yawanci babu. A ɗauki lambar wurin da GPS, a kai wa hukumar gandun daji, amma kada a shafa wa itacen fenti mai ɗaukar ido, kada kuma a sa wurin a Facebook. Masu satar 'ya'yan aku ma suna karatu.

Dalilin wannan tsanani shi ne jinkirin haihuwarsa. Ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara huɗu zuwa biyar. Mace tana saka ƙwai 2 zuwa 5, ta kwanta a kansu kusan kwana 30, 'ya'yan kuma su yi wata biyu ko fiye a cikin kogo kafin su tashi. Yawancin haihuwar tana faɗowa tsakanin Agusta da Fabrairu. Itace ɗaya da aka kayar a wannan lokaci ya tafi da zuriyar shekara guda, ya kuma tafi da gidan da za a yi shekaru ana komawa cikinsa.

Mutane da yawa suna garajen rataya akwatunan sheƙa, don aiki ne da ake gani a hoto. Akwatin yana da amfani inda kogo ya yi ƙaranci, sai dai akun Kef ba ya saurin yarda da shi, kuma wanda ya fi riga shi shiga shi ne ƙudan zuma. In za a yi, a yi da katako mai kauri wanda ba a jiƙa da maganin gara ba, ya yi zurfi sosai yadda shaho mai dogayen ƙafafu ba zai iya zura ƙafa ya jawo 'ya'yan ba. A huda ƙananan ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, a zuba ɓarzajjen katako ɗan kauri, a yi wa bangon ciki tsage-tsage don 'ya'yan su samu abin kamawa ranar fita. A rataya shi can sama a jikin yalowud, bakinsa ba ya fuskantar inda ruwan sama ke bugowa. Maganin zuma kuwa hanya biyu ake haɗawa: a shafa wa rufin akwatin daga ciki maganin ƙwari na permethrin wanda ba ya cutar da tsuntsu, sannan a kafa amya a kusa, ƙasa-ƙasa, da abin jan zuma a ciki. Zuman sai ya bar akwatin ya shiga amyar, mutanen ƙauye kuma su samu zuman sayarwa. In aka shafa magani ba a kafa amya ba, zuman zai koma kogon gaske ne ya kori akun.

Sai dashe. Itacen yalowud akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya, kuma ba a gane su suna ƙanana, don haka a dasa da yawa wuri ɗaya. A tsinci iri a ƙarƙashin itatuwa daban-daban na dajin yankin, a wanke naman da ke lulluɓe da ƙwallon tas, domin yana hana tsiro. A shuka a cakuɗen yashi da takin ganye, a inuwa, a riƙa ban ruwa ba tare da ya kwanta ba. Yakan ɗauki watanni kafin ya fito, kada a zubar da tukwanen don an ga shiru. A dasa a farkon damina, wadda a can take farawa wajen Oktoba, a gefen daji inda manyan itatuwa za su tare masa sanyi, saboda a wurare kamar garin Hogsback da ke tsaunukan Amathole har ƙanƙara tana sauka. Dashen da babu shinge abincin awaki ne. A haɗa da itatuwan gida masu saurin 'ya'ya irin su Harpephyllum caffrum da Celtis africana, don yalowud sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya ciyar da aku. Ƙungiyar Cape Parrot Project, wadda aka kafa a 2009 ƙarƙashin Wild Bird Trust, tana sayen tsirrai daga hannun mutanen ƙauyukan yankin, kuma wannan ya fi shinge kare daji, tunda mai cin moriyar itace ba ya barin a sare shi.

Idan abinci ya yanke a daji, akun yana iya tafiyar kilomita masu yawa a rana zuwa gonakin gyaɗar fikan, wato wani itace mai 'ya'ya kamar gyaɗa, irin waɗanda ke kusa da garin Alice. A nan ake harbinsa, a nan ake kama shi. A zauna da mai gona kafin 'ya'yan su nuna, a roƙe shi ya bar wasu itatuwan gefe ga tsuntsayen. A nan ne kuma ake ganin cutar baki da gashi, wadda bairos ke kawowa: gashi rawaya a inda ya kamata ya zama kore, sanƙo a kai, baki ya yi tsawo ko ya tsage. Ba ta da magani, kuma yunwa na ƙara mata ƙarfi. Wanda ya tsinci mara lafiya ya sa shi a kwali mai ɗumi da duhu, nesa da duk wani tsuntsun gida, ya kira likitan dabbobi mai izini. Ƙurar gashin tana ɗauke da cutar, sai a wanke hannu, kaya da igiyoyin hawa da maganin kashe bairos kafin a je wata sheƙar.

Ƙidaya ce ke nuna ko aikin yana ci. Tun 1998 ake yin ta sau ɗaya a shekara, wajen Afrilu ko Mayu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Colleen Downs ta Jami'ar KwaZulu-Natal: yammacin Asabar da safiyar Lahadi, kowa a wurin da aka ba shi. A rubuta adadi, da ainihin minti, da inda garken ya fito da inda ya nufa. In aka bar lokaci da alkibla, garke ɗaya da ya wuce kan masu ƙidaya uku zai shiga littafi sau uku. Wanda bai ga ko ɗaya ba ma ya aika da takardarsa da sifili a jiki, don da irin waɗannan takardun ake gane dajin da akun ya bari.