Yadda za ki shafe ɗaki da fenti mai launin koko

Launin da nake nufi shi ne na kokon da muke sha da ƙosai a unguwar Nima da ke Accra: bai yi fari ba, bai yi duhu ba. Ina sonsa don yana ɓoye ƙurar hunturu da shatin hannun yara.

Da farko, kada ki sayi bokiti guda. Sayi ɗan gwangwani, ki shafa kusa da taga da kuma bayan ƙofa, ki duba da hantsi, ki sake dubawa bayan magariba an kunna fitila. Farin ƙwan fitila yakan mayar da shi toka-toka, mai ruwan ɗorawa kuwa ya fi fito da shi.

In ya kwanta miki, ki janye kaya, ki shimfiɗa leda. Kankare tsohon fentin da ya ɓare, cike ramuka, goge da samfefa. Bangon da ke da danshi a ƙasa, a gyara shi tukuna, in ba haka ba fentin zai kumbura.

Lita 1 tana shafe kusan murabba'in mita 10. Fara da kusurwoyi da buroshi, sauran da rola, daga sama zuwa ƙasa. Jira awa 4, ki ƙara shafi na biyu.

Silin kam, ki bar shi fari.