Babi na 7: Duba Takarda da Idon Waya

Darasi na 1: Abin da wayar take yi

Sannunku da ƙoƙari, 'yan uwa. Na san wasunku daga kasuwar Mile 12 kuke tasowa, wasu daga wurin gadi, ku sha cunkoson Legas kafin ku iso Agege bayan Magariba. Allah ya ba da lada. Wannan babi ba shi da wuya.

Fasfo, katin shaida da takardar kuɗi duk ana saka musu alamun da mai jabu ke shan wahalar kwaikwaya. Akwai zaren da aka binne cikin takarda, akwai hoton da ba ya fitowa sai an ɗaga ta wajen haske, akwai kuma tawada mai sheƙi da ke sauya kama. Yawancinmu ba mu san inda suke ba. To akwai irin manhajar da idan ka saita kyamara a kan takarda, za ka ga takardar a fuskar waya, sai wayar ta zana kibiya ko da'ira a kanta, wato duba nan. Babban bankin Suwizalan ya yi irinta domin kuɗin ƙasarsu. Zanen nan a fuskar waya kawai yake. Na faɗi haka ne don na ga wani dattijo a aji yana juya takardarsa gaba da baya yana neman kibiyar. Baba, takardarka tana nan yadda take, ba abin da ya taɓa ta.

Manhajar da za ka sauke ita ce wadda hukumar da ta ba da takardar ta fitar, daga Play Store. Wadda aka turo maka ta WhatsApp, bar ta.

Darasi na 2: Riƙon waya

Kowa ya fito da naira 100, wadda aka buga a 2014 lokacin cikar Najeriya shekara 100, mai hoton Awolowo. Da ita za mu yi gwaji. A bayanta akwai ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo, shi ake kira lambar QR. A gabanta kuma akwai wuri mai sheƙi.

Fara goge idon kyamara da gefen rigarka. Idon yana bayan waya, ba gaba ba. Zufa da maiƙon hannu sukan rufe shi, ka yi ta zargin waya ba laifinta. Zauna inda akwai haske, amma kada fitila ta daki takardar kai tsaye.

Yanzu ga wurin da kowa ke faɗuwa. Kafa gwiwar hannunka a kan tebur. Riƙe wayar sama da takardar, tazarar taƙi ɗaya. Tsaya cak. Ƙirga ɗaya, biyu, uku a ranka, har rubutun ya fito tas. Idan ya yi dishi-dishi, kada ka matso da wayar, ɗan ja ta baya.

Idan aka ce ka karkata domin ka ga sheƙin ya motsa, takardar za ka karkata. Wayar tana nan a tsaye. Hannun dama ya riƙe waya, bai motsa ba. Hannun hagu ya ɗaga gefen takarda a hankali, ya sauke. Takarda ke motsi, waya a tsaye. Ku faɗa da baki: takarda ke motsi, waya a tsaye.

Sake gwadawa. Gwiwar hannu a tebur. Taƙi ɗaya. Cak. Bai fito ba? Ba komai, sannu ba ta hana zuwa. Ni ma ranar farko hannuna rawa ya yi ta yi. Goge idon, sake kafa gwiwar hannu, ƙirga uku.

Amma don Allah, 'yan uwa, mako uku ke nan muna kan wannan! Har yanzu wasu na kaɗa waya kamar masu fifita wuta, wasu na manna ta a jikin takarda kamar za su goge ta. Hajiya, ke ma na gan ki jiya, kina karkata wayar kina barin takardar a kwance. Idan wayar na yawo, kyamara ba ta gane abin da ke gabanta, kibiyar ma ba za ta zauna wuri ɗaya ba. Wanda bai yi gwaji a gida ba, a riƙonsa ake ganewa. Takarda ke motsi, waya a tsaye.

Darasi na 3: Karanta abin da ya fito

Idan ka saita kyamara a kan lambar QR, wayar ta yi ƙara ko ta buɗe shafi, wannan bai nuna takardar ta gaskiya ce ba. Lambar QR ko an yi hotonta a inji za ta karantu. Saboda haka idan katin shaida ne, karanta sunan da ya fito, harafi bayan harafi, ka gwada da na takardar, ka dubi hoton, ka dubi fuskar mai ita. Yawancin shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, guda 11 ce, ƙirga su. Shafin da ya nemi lambar sirrin bankinka, rufe shi nan take.

Darasi na 4: Fasfo

Buɗe shafin da hoto yake. Riƙon nan ne dai na Darasi na 2. Shafin yana da ƙyalli, ka kauce wa fitila.

Darasi na 5: Aikin gida

Gwada da naira 100 sau biyar. A zo ranar Asabar da caji a waya.