Kurakuran masu dashe a gindin uwar bishiya

Na gaji da ganin sababbin masu farfaɗo da kurmi suna maimaita abu ɗaya. Da sun ga iri ya zube birjik a gindin babbar bishiya, tsirrai sun fito cunkus, sai su ce ga wurin dashe. Alhali a kurmin ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama, gindin uwa ne inda 'ya'yanta suka fi mutuwa. Masana muhalli biyu sun bayyana haka, Daniel Janzen a 1970, Joseph Connell a 1971: ƙwari da naman gwarin da suka saba da jinsin bishiya ɗaya a ƙarƙashinta suke taruwa, su cinye iri da tsiro.

Kuskuren da ya taɓa cinye mini dashen damina guda shi ne cika ledojin reno da ƙasar gindin uwa. Baƙa ce, mai laushi, gwanin sha'awa, amma cutar na cikinta. Tsiro zai fito da ganye biyu lafiya lau, kwana kaɗan sai ka ga gindin karansa ya yi ruwa-ruwa, ya tsuke, ya kwanta. Irin wannan ruɓewar masaniyar tsirrai Carol Augspurger ta bibiya a tsirran bishiyar Platypodium elegans a tsibirin Barro Colorado na Panama: sun fi mutuwa kusa da uwa, cikin cunkoso da inuwa, sun fi tsira inda rana ke ratsowa. Don Allah a daina ɗora wa mai ban ruwa laifi! Ni dai daga nesa nake ɗebo ƙasa, in gauraya da yashi, in shanya ta kafin in cika leda.

Wasu kuma da jin haka sai su goya tankin feshi su nufi daji. Haba! A wani gwaji a kurmin ƙasar Belize ta Amurka ta Tsakiya da aka wallafa a 2014, feshin maganin naman gwari rage yawan jinsunan tsirrai ya yi, domin cutar ce ke hana jinsi ɗaya mamaye wuri. Magani na wurin reno ne kawai.

Kada a jera jinsi ɗaya kusa da juna, a cakuɗa. Kada a shanya irin shuka na dipterocarp, manyan bishiyoyin kurmin tsibirin Borneo, bushewa kashe shi take yi. Ƙirga tsirrai sau ɗaya bayan sun fito ba ƙirge ba ne, a koma bayan wata shida. A kuma hana farautar birai da manyan tsuntsaye a wurin, su ne ke kai iri nesa da uwa.