Yadda ake bin diddigin matsalar wuta a keken lantarki

Idan keken lantarki ya ƙi tashi, mutane da yawa sukan yi gaggawar ɗora laifin a kan inji ko kwantarola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, alhali sau da yawa matsalar tana wurin da bai taka kara ya karya ba, kamar filogin da ya saki ko fis da ya ƙone. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi wutar daga tushenta, wato batir, a riƙa aunawa mataki bayan mataki har a iso inda ta tsaya. Abin da ake buƙata shi ne mitar awon lantarki, a saita ta a kan DC, wato irin wutar da batir ke bayarwa.

A fara da auna batirin. Batirin lithium mai volt 36 yana nuna volt 42 idan ya cika, kuma yakan yanke wuta idan ya sauko kusa da 30, shi kuwa mai volt 48 yana kaiwa 54.6 a cike. Idan mitar ta nuna sifili, kada a yanke hukuncin cewa batirin ya mutu, domin akwai wata na'urar kariya a cikinsa da ake kira BMS, wadda ke rufe hanyar wuta idan ta ga haɗari, kuma sau da yawa jona caja yakan sa ta buɗe. A duba fis, sannan a auna cajar ita ma. Idan kuwa keken yana tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma yana mutuwa a hawan tudu, to batirin ya yi rauni ne, ko kuma bakin filoginsa ya yi tsatsa. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi daga ɗaki nan take, kada a yi gangancin buɗe shi, saboda gobararsa tana da wuyar kashewa.

Idan allo ya kama amma taya ba ta juyawa, a duba birki kafin komai. Hannun birki yana da ɗan makunnin da ke yanke wutar inji da zarar an matsa shi, kuma ƙura ko ruwan sama kan sa ya maƙale, sai kwantarola ta ɗauka cewa har yanzu ana riƙe da birki. A cire filogin kowane hannu ɗaya bayan ɗaya, a gwada totur. A ganina wannan ne gwajin da aka fi mantawa da shi, ga shi kuwa ba ya cin ko minti biyu.

Idan matsalar ba ta birki ba ce, sai a auna totur. Totur yana da wayoyi uku: ja mai kawo volt 5, baƙa, da ta uku mai kai saƙo, wadda ya kamata ta tashi daga kusan 0.8 zuwa sama da volt 4 yayin da ake murɗawa.

Sai kuma inji. Idan yana kakkarwa yana gurnani ba tare da ya ja ba, a duba wayar da ta fito daga tsakiyar tayar, domin nan ne take yawan karyewa idan keken ya faɗi. A cikinta akwai kaurara uku masu ɗaukar wuta, da sirara biyar na na'urorin Hall masu sanar da kwantarola matsayin injin. A ɗaga tayar, a juya ta baya a hankali da hannu, kuma a cikin siraran wayoyin, kowace daga cikin rawaya da koriya da shuɗiya ya kamata, idan ana auna ta, ta riƙa sauyawa tsakanin sifili da kusan volt 5. Wadda ta tsaya cik, na'urarta ta lalace ko wayarta ta tsinke.

Sai bayan duk waɗannan sun fita lafiya ne za a zargi kwantarola. Kafin a taɓa ta, a cire batir, a danna makunni don ragowar wutar da ke cikinta ta zube, sannan a tabbatar sabuwar da za a saya ta yi daidai da volt ɗin batirin.