Yadda Manoma da Masu Bincike Za Su Kafa Gonar Gwaji don Yaƙar Ƙuduji

Manomin da ƙuduji, wato ciyawar nan mai tsotsar saiwar dawa, ya addabi dawarsa a Bunguɗu ko Maru a jihar Zamfara ba ya rasa masu ba shi shawara, sai dai hanyar tantance wadda ta dace da ƙasarsa, kuma gonar gwaji ce ke raba wannan gardama.

Tun da bazara, kafin ruwan shuka ya sauka, manoman unguwa su nemi malamin gona ya haɗa su da masu bincike, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko na IITA, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken noman ƙasashe masu zafi, da ke da reshe a Kano. A zaman farko manoma ne za su fara magana, su nuna inda ƙuduji ya fi kafuwa, da shekarar da gonar ta samu takin gida, da irin dawar da ta fi jurewa. Mai bincike ya saurara ya rubuta, domin wannan tarihi ba ya cikin littafinsa.

Daga nan sai a raba fili gida biyu daidai wa daida. A ɓangare ɗaya a yi noma yadda aka saba, a ɗayan kuma a sauya abu guda tak, misali a shuka waken soya bana, dawa baɗi. Hikimar ita ce saiwar waken soya tana yaudarar irin ƙuduji ya tsiro, amma ba ya samun abin tsotsa a jikinta, sai ya mutu a ƙasa. Wajen wannan ƙa'ida ta sauya abu guda tak ne aka fi yin ɓarna, domin idan aka sauya iri da taki da tazarar shuka lokaci guda, babu wanda zai iya cewa ga abin da ya yi aiki.

A shekarar dawa, kowane mako a haɗu a bakin gona, a bi kunya guda a kowane ɓangare a ƙirga ƙudujin da ya fito, a rubuta da boko ko ajami. Bayan ƙirga a tuge shi kafin ya yi fure, saboda tushe ɗaya yana zubar da dubban iri masu iya shekara 10 ko fiye a ƙasa.

Da kaka a sussuke amfanin kowane ɓangare daban, a auna da tiya ɗaya a gaban kowa. Kada a manta da mata, su ne za su faɗi ko dawar ta yi tuwo mai kyau. Shi kuma mai bincike, wajibi ne ya dawo wa ƙauyen da sakamakon da Hausa kafin damina ta gaba.