Yadda Ake Hana Katakon Rufi Lanƙwasawa

Mai shirin rufin ɗaki ko rumfar shago a Garwa ko Marwa ya kamata ya bambance ƙarfi da tauri, domin katako yana iya ɗaukar kaya bai karye ba, amma ya yi ciki a tsakiya har ruwan damina ya riƙa kwanciya a kan kwano.

A fara da yadda ake aza katakon, tun da wannan ba ya cin ko sisi. Katako mai santimita 5 a gefe ɗaya da 15 a ɗaya gefen, idan aka kafa shi a kan siririn gefensa, ya fi tauri sau 9 a kan idan an kwantar da shi, alhali itacen ɗaya ne. Dalili kuwa shi ne, lokacin da kaya ya danne shi, samansa ne ke matsewa, ƙasansa na miƙewa, tsakiyarsa kuwa kusan hutawa take yi. Saboda haka ninka faɗi yana ninka tauri sau 2 kawai, amma ninka zurfinsa daga sama zuwa ƙasa yana ninka shi sau 8. Da wannan hikimar mai walda ke zaɓar bututun ƙarfe maimakon dunƙulallen rodi mai nauyi ɗaya da shi.

Sai a duba tazarar da ke tsakanin bango da bango. Idan nauyin ya bazu daidai a kan katakon, ninka tazarar yana ƙara lanƙwasar sau 16, don haka ginshiƙi guda a tsakiya ya fi ƙarin katako uku amfani. Maginan gargajiya sun san haka, shi ya sa ba sa barin azarar giginya ta yi doguwar tafiya, sai su tare ta da bakan gizo, wato ginin nan mai siffar baka da ke ɗaukar rufi.

Ƙarfe ya fi katako tauri kusan sau 20, alminiyam kuwa sulusin taurin ƙarfe gare shi. A nan ne mutane ke asarar kuɗi, domin ƙarfe mai tsada ya fi jure karyewa ne kawai, lanƙwasarsa daidai take da ta mai araha idan girmansu ɗaya.

A sayi busasshen katako, domin ɗanye yana ci gaba da sunkuyawa a hankali ƙarƙashin kaya. Kafinta kuma ya gitta tokara a kowace kusurwa ta yadda za ta ba da alwatika, a kafe mahaɗar da ƙusa biyu aƙalla, domin a kan ƙusa ɗaya katako juyawa yake yi.